Kwallin Inna

Har yau in na ga tandun kwalli raina ɓaci yake yi, kuma ba da kowa nake fushi ba sai da kaina.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a, inda nake karatun duwatsu, na dawo gida Kudan hutun babbar salla da wani dutse naɗe a tsohon ɗankwali. Bai fi curin fura uku ba. Daga wani ramin ma'adinai na samo shi can wajen Binuwai, ramin da ruwa ya cinye bayan mun baro. Aikina na kammala karatu kacokan a kansa ya rataya.

Dutsen tutiya ne gauraye da farar wuta, mai ratsi-ratsi, wani ratsin ruwan zuma, wani baƙi-baƙi. Ruwan gishiri mai ɗumi ne ya ratsa ƙarƙashin ƙasa, ya wanko wani ƙarfe mai wuyar samu, jameniyam, daga duwatsun da tsirrai suka ruɓe a cikinsu, ya zo yana ajiye tutiya shafi bisa shafi. Shi jameniyam ba ya gina gidan kansa, gurbin tutiya yake shigewa ya laɓe, sau da yawa tare da jan ƙarfe. Wani shafin ya cika da shi, wani babu ko ƙyas. Aikina in gano wanne ne, da kuma dalili, kuma hakan ba ya yiwuwa sai an yanka dutsen ratsinsa na jere yadda Allah ya yi shi. A jikinsa akwai 'yan ƙwayoyin dalma masu ƙyalli, ban ma damu da su ba.

Duk wannan ban taɓa gaya wa mahaifiyata ba. In ta tambayi abin da nake karantawa sai in ce, "Ba za ki gane ba, Inna." Ta yi murmushi ta ci gaba da tankaɗenta.

Ranar jajibere na tafi Likoro gaida gwaggona. Da la'asar na dawo na iske Inna gaban dutsen niƙa, idonta rangaɗau da kwalli, maƙwabta biyu kowacce da tandunta.

"Ashe kwalli kika kawo mana, kika yi shiru," in ji ta. "Irin na da ne, rabona da shi tun kina goye. Sai dai sun cuce ki, rabi duk tsakuwa. Da ƙyar na tsince na kirkin."

"Ina tsakuwar?"

"Na watsa a bakin rariya, inda ruwa ya zaizaye."

Na je na duba. Ratsin da ruwa ya yi shekaru aru-aru yana jerawa ya koma ɓurɓushi cikin ruwan wanke-wanke, agwagi na tattakawa. Na dawo na ce mata shekara huɗu ta niƙe mini. Na ce jahilci ne, a gaban matan nan. Na ƙara da cewa abin da ta zizara dalma ce, guba. Gaskiya ne, amma ba don idonta na faɗa ba, so nake ta ji ciwo.

Ta kama gefen zanenta ta goge idon.

Aka ƙara mini shekara, na yi aiki kan dutsen da ake fasawa a zuba a titi, na fita. Inna kuwa ba ta sake sa kwalli ba, ko da salla, ko ranar bikina. Na daɗe ina gaya wa kaina ai lafiyarta na ceta. Ƙarya nake yi, kuma na sani.

Bayan rasuwarta muna kwance kayanta, na ci karo da ƙullin tsumma a ƙasan kwalla. Tsakuwar ce, an tsince ta ɗaya-ɗaya, an wanke tas, masu ruwan zuma daban, baƙaƙen daban. Shekara goma sha ɗaya tana ajiye da ita. Duk ranar da ta soma, "Wannan dutsen naki," sai in ce a bar maganar.