Masarar da Ba Madu Ya Wanke

Ba Madu maƙwabcina ne a Gomari, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara talatin ya yi yana harbin fakara da zabin daji yana kai wa masu gasa nama. Da ya dawo daga Makka sai ya ce tsuntsaye na da hakki a kansa, kuma yana so ya sauke kafin ya mutu. Ya ba da bindigar, ya koma ciyar da su. Kullum da hantsi zai ɗauki kwano ya tafi ɗan dajin da ke bayan layinmu, wajen filin jirgi, ya watsa hatsi ya zauna a kan dutse. Sai da fakarun suka yi wata takwas kafin su yarda da tuban nasa, kuma ni ban ga laifinsu ba.

Ba Madu ba ya zubar da abinci. Ƙwayar shinkafa in ta faɗi, sai ya bi ta har ƙarƙashin kujera. Bayan ambaliyar da ta ci gari, abokinsa Ya'akubu mai sayar da hatsi ya fito da buhunan masarar da ruwa ya jiƙa, duk sun yi fumfuna, kore-kore, zai kai bola. Ba Madu ya ce haram, ya sa aka kawo masa uku a keken Napep. Ya san mutum ba zai ci ba, shi ya sa ya wanke ta sau uku, ya shanya a rana har ta yi fes, ya fara kai wa tsuntsaye da kwano biyu maimakon ɗaya.

A mako na biyu fakarun suka daina tashi in mutum ya matso. Ba Madu ya gaya mini da fara'a cewa yanzu sun saki jiki da shi sosai. Ranar Laraba ya tarar da goma sha ɗaya a kwance, wasu na numfashi sama-sama.

Labari ya bazu a layi, muka bi shi dajin. Ya'akubu ya zaro wuƙa zai yanka masu sauran rai kada su zama mushe. Hanifa, 'yar layinmu da ke aikin duba dabbobi, ta hana shi. Ta bi mu gida ta shinshina buhun.

"Baba, fumfunar kuka wanke," in ji ta. "Dafinta yana cikin ƙwayar. Ruwa ba ya cire shi, wuta ma ba ta cire shi. Hanta yake ci."

"Amma 'yata, ta yi fari tas," in ji Ba Madu.

"Ta yi, Baba."

Ba Madu bai yi musu ba. Ya ari fartanyata ya haƙa rami biyu, ɗaya na masara, ɗaya na tsuntsaye, bai yarda kowa ya kama masa ba. Wallahi ya ba ni tausayi. Na ce masa ai Allah niyya yake dubawa.

Ya ce ya sani. Ya goge gumi da hularsa, ya daɗe yana kallon ramin tsuntsayen.

"Da can in sun hango ni gudu suke yi," ya ce. "Waɗannan da ƙafarsu suka zo."