Ranar Da Na Ƙwato Karsanata A Fadamar Goronyo

Da ranin shekarar da na cika tara, zamanin da Bature ke aiko masu ƙirgar shanu don jangali, wata hantsi na tsaya a bakin fadamar Goronyo ina kallon karsanata ɗaure a gindin marke. Ja ce mai farin goshi, babana ya ba ni ita, kuma ita kaɗai ce tawa a duniya. Ta tsinke igiya ta faɗa gonar albasar wani dattijo, ta tattake komai. Ya rantse sai gaban alƙali, kuma ko ni na san saniyar da ta je can ba ta dawowa ruga.

Na buɗe baki zan yi kuka, sai idona ya sauka a kan fuskarsa. Dogayen zane ne tun daga goshi har haɓa. Na san wannan zanen, na Barebari ne, domin kakata Inna Dudu ta sha zana shi da toka a tata fuskar. In tana kaɗa nono da rana a inuwar bukka, mu jikoki muna tsince mata gero, sai ta rikiɗe ta zama Babarbare, ta ɗora ƙwarya a ka tana tallar kanwa da wata irin murya, mu yi ta dariya har gero ya zube. Daga nan ta gaya mana yadda kakanninmu suka yi kiwo a ƙasar Barno, Barebari suna ba shanunmu kanwa, mu muna ba su nono, har wasa ya shiga tsakani, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa. Takan ce, "Babarbare ba shi hushi da Bahillace, in ya yi, kunyatai ce."

Sai na riƙe ƙugu kamar yadda take yi, na ɗaga murya na ce, "Baba, yaushe bawa ya hwara ɗaure saniyar uwargijiyatai?"

Masu ban ruwa suka saki guga. Dattijon ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Mi kic ce?" Na maimaita, har na ƙara da cewa albasar ma tawa ce, tunda shi kansa nawa ne. Gemunsa ya fara motsi, sai dariya ta ƙwace masa har ya zauna a kan kunyar gonar. "Ku ji min ɗiyag ga! Wa ab bawan wani, ke da kakanki ya biyo kanwata?" Da hannunsa ya kwance karsanar, ya cika min zane da albasa, wai sadaka ce ga baiwarsa. Na koro ta gida ina tafiyar sarauniya, daɗi kamar ya kashe ni. Washegari babana ya kai masa ƙwaryar nono da ban haƙuri, kuma tun daga nan shanunmu ke kwana a gonarsa ta tudu suna zuba taki.

Yanzu jikokina suna da rediyo da waya, amma ba su san abokin wasansu ba ko sun haɗu da shi a hanyar Rabah. In saniya ta taka gona, kafin a yi magana an zaro makami. Ina kewar lokacin da yarinya ke iya kashe rigima da tsokana.