Cinyar Hajja a Motar Alhaji

Ranar Talata, kwana biyu bayan Babbar Sallar shekarar 1991, na dawo daga makaranta da ƙarfe uku da rabi, jakata a ka saboda yayyafi, na tarar da Inna tsugune a ƙofar baya ta gidanmu na Tottenham a Landan tana kallon sama. A gabanta akwai faifai huɗu da tire biyu, dukkansu shimfiɗe da nama yankan fale-fale, wanda tun safe take fitarwa tsakar gida tana mayarwa ciki. Sau biyar, in ji ta. Da rana ta ɗan leƙo sai ta kwasa da gudu ta shanya, kafin ta juya baya hadari ya rufe, ruwa ya sauko. Na durƙusa na sansana kamar yadda na ga tana yi. Naman bai yi wari ba tukuna, amma ya yi laushi da sanyi, gefensa kuma ya fara sauya launi. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, kuma tun ina ƙarama ni mai ɗora wa kaina damuwar gida ce.

Naman nan cinyar ragon layyar Baba ce, kuma ba tamu ba ce. Tun daga auren Inna, cinyar dama ta Hajja ce, mahaifiyarta, wadda aka sa mini sunanta, shi ya sa ake ce mini Ummi. Muna Kano ni ce 'yar rakiya, a ɗora cinyar a tire a rufe da faifai, a kai mata unguwarsu tun nama na da ɗumi. Ko shekarun da Baba ya yi shi kaɗai a Landan yana tuƙa wani Alhaji ɗan kasuwa, ba a taɓa fashi ba, a gida ake yanka ragonsa a kai mata. Wannan ce Sallar farko da ta same mu duka a waje. Ragon ma ba mu gan shi da ransa ba, wani mahauci Musulmi Baba ya yi wa magana, washegarin Sallah aka ba shi nama a kwali. Da yake Inna 'yar gidan mahauta ce, ta iya kilishi tun tana budurwa, sai ta ce za ta mayar da cinyar kilishi, matar wani ɗalibi abokin Baba da za ta tafi Kano ranar Juma'a ta kai. An riga an aika wa Hajja cewa ta sa ido. Inna ta tanadi citta da kanumfari da masoro da barkono, ta wasa wuƙarta a gindin kofi, ta yini ranar Litinin tana feɗe tsoka. Abu guda ne ba ta tanada ba, don ta ɗauka ko'ina akwai shi. An ce mata watan Yuni lokacin zafi ne a Ingila, ita kuwa a wurinta lokacin zafi shi ne ka shanya abu da hantsi ka kwashe da la'asar.

Gidan da muke haya ɗaya ne daga cikin jerin gidajen jan bulo masu haɗe da juna. Mu ne a ƙasa, wasu samari biyu a sama, kicin kuma namu ne gaba ɗaya. Tsakar gidan bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, ga igiyar shanya, ga kwandon shara, ga wata baƙar kyanwar maƙwabta da ta zauna a kan katanga tun safe tana lura da aikin Inna. Akwai obin a jikin murhun gas na kicin, amma samarin nan suna gasa naman alade a ciki, Inna kuwa ko ƙofarsa ba ta taɓawa sai da tsumma. Da Baba ya dawo da yamma ya ɗaga yanka ɗaya ya sansana. Shi mutum ne mai tsananin kunyar surukarsa, ko sunanta ba ya faɗa, sai dai ya ce "mutanen gida". Abin da kawai ya ce shi ne, "Shekara goma sha huɗu ban taɓa sa mutanen gida sun jira a banza ba." Inna ta ce in naman ya ƙara kwana biyu a haka sai dai a soya mu ci, ba zai kai ko'ina ba.

A ƙofar gidanmu akwai wata doguwar farar mota ta Alhaji, irin ta tafi-da-gidanka, wadda iyalinsa ke fita yawo da ita bakin teku idan sun zo hutu. Babu wurin ajiye ta a unguwarsa, sai aka bar wa Baba amanarta. A cikinta akwai gado, da tebur mai naɗewa, da famfo, da labule masu furanni, da wani ɗan obin na lantarki kamar akwatin talabijin a saman kabad. Duk Asabar ni ke share ta in goge gilasai, ba na kuma zama a kan kujerunta, a tsaye nake gamawa in fito. Baba ne ya tuna da obin ɗin. Ya ɗauko mukulli ke nan na riƙe masa hannun riga na ce, "Baba, an tambayi Alhaji?" Ya dube ni ya ce, "Ummi, ke kam da alƙali aka haife ki." Amma ya koma ya buga waya, ina tsaye a gefensa ina jin dariyar Alhaji tana fitowa ta kan wayar. Alhaji ya ce a yi, da sharaɗin a ajiye masa nasa kason, kada kuma a ƙone masa mota.

Kalmar nan ta ƙarshe ita ta zauna mini a rai. Baba ya jawo doguwar wayar lantarki daga tagar falonmu ya tsallaka da ita hanyar masu tafiya da ƙafa zuwa motar, ni kuma na ɗauko tsohuwar darduma na rufe ta, na danne gefe da gefe da bulo, don kada wata tsohuwa ta yi tuntuɓe a ce mu ne. Abin da Baba ya sani game da obin ɗin shi ne ɗumama shayin Alhaji, don haka ya jera yanka uku a faranti ya danna maɓallin da ya saba. Faranti ya riƙa juyawa, mu uku mun zuba ido ta gilashi. Cikin minti biyu naman ya ƙanƙance, ya yi fari-fari, ya zubar da ruwa. Inna ta taɓa shi da yatsa ta ce, "Malam, wannan ai dafawa ya yi." Yanka uku na Hajja sun tafi, kuma babu wata cinyar da za a ƙara.

A cikin durowar da ke ƙarƙashin famfo na taɓa ganin ɗan littafin obin ɗin lokacin shara. Wata tara kacal na yi a makarantarsu, Turancina na bin layi da yatsa ne, amma duk gidan ni ce mai karatun boko. Na zauna a matakalar mota ina haɗa baƙi, Baba na tsaye a kaina. A hankali na gane cewa akwatin nan aiki biyu yake yi. Akwai wanda ke dafa abu daga ciki da sauri, shi ne wanda ya ɓata mana nama. Akwai kuma wani maɓalli mai hoton fanka, wanda ke hura iska mai zafi tana zagaya abinci, ana iya rage zafinta har ƙasa. Da na faɗa wa Inna sai ta ce, "To ai ita muke nema, iska da zafi." Sai dai a shafi na biyu an rubuta da manyan baƙi kada a sa ƙarfe a ciki, a shafi na tara kuma an ce a ɗora abinci a kan ragar ƙarfe. Na karanta su ya fi sau goma kafin na yarda cewa hanin na aikin farko ne, umarnin na aikin fanka. Duk da haka sai da na sa Baba ya cika bokiti da ruwa ya ajiye a waje. Na yi bismilla na danna. Babu tartsatsi, babu ƙara, sai wani ɗan gurnani mai taushi.

Yanka huɗu ragar take ɗauka, kuma kowane zubi yana cin fiye da awa. Tururi yakan taru a gilashi, sai an buɗe an goge an juya naman, an sake rufewa. Inna ba ta yarda da agogon obin ba, da yatsa take gwadawa, ta ɗaga yanka ta duba shi a hasken taga. Da safe kafin in tafi makaranta na manna filasta a kan maɓallin da ba a so, na ɗiga jan farce a kan na fanka, na sa ta maimaita a gabana sau uku har ta kore ni. A makaranta ruwa ya hana mu fita filin wasa, aka bar mu a aji da kwalin wasanni, 'yan mata suna wasan zare a yatsu suna rera waƙoƙinsu, ni kuwa ina bakin taga ina duba ko hayaƙi zai tashi daga wajen layinmu. Da aka tashi ban tsaya tsallen igiya a bakin ƙofa ba, da gudu na iso. Na tarar da Inna zaune a kan kujerar Alhaji, ta shimfiɗa zani a kai, tana jan carbi, ga busasshen nama ja wur jere a kan tebur.

Yammacin Laraba da na Alhamis a cikin motar muka yi su. Rana ba ta faɗuwa da wuri a wannan lokacin, ruwa yana ƙwanƙwasa rufi a hankali, ciki kuwa ɗumi da ƙanshi. Inna ta matse man gyaɗar kwalba da ruwan zafi har ta fitar da tunkuza, ta dama da kayan yaji da albasa ta yi labu, wato kunun da ake tsoma kilishi a ciki. Ni ke tsomawa in miƙa mata, ita ke jerawa, mu sake jiran fanka. A nan ta ba ni labarin rumfar mahaifinta, da yadda suke korar shirwa da kara, abin da ba ta taɓa zama ta gaya mini ba. Takan ce, "Kilishi ba ya son mai sauri." Ban san lokacin da na daina leƙa bokitin ruwan ba. Gashin ƙarshe da ake yi a kan garwashi, da wutar saman obin muka yi shi. Da daren Alhamis muka naɗe shi a takarda mai kauri, aka ware wa Alhaji yanka biyar, ni kuma na wanke obin da lemon tsami har sau uku.

Bayan wata guda kaset ɗin Hajja ya iso, don da shi muke gaisawa a lokacin. Ta sa wa Baba albarka mai tsawo, yana zaune kansa a sunkuye kamar tana ɗakin. Ta ce kilishi ya yi, sai dai babu ƙanshin hayaƙi, sannan ta ce ashe ranar Ingila ma tana da ƙarfi, a gaishe ta. Inna da Baba suka yi ta dariya, ni kuwa na kasa cin abinci, don a ganina mun bar tsohuwa a kan abin da ba haka yake ba. Na dami Inna har ta bar ni na faɗi gaskiya a kaset ɗin amsa, da batun fanka, da yanka ukun da suka lalace, da biyar na Alhaji. Amsar ta zo da damina ta ƙare. Hajja ta ce, "Takwara, cinya ta iso hannuna. Na tambaye ki wa ya shanya?"

Shekara biyu bayan haka muka koma Kano, karatuna ya tsaya a nan, sai aure ya sake dawo da ni Landan, yanzu ina unguwar Barking. Obin ɗin kicin ɗina zai ɗauki cinya guda a zubi ɗaya, amma babu wanda zan yi wa. Hajja da Inna da Baba duk sun riga mu gidan gaskiya. Layyarmu a waya ake yin ta, ƙanena ya yanka a can ya raba, ya turo hoto, 'ya'yana su duba su amsa mini da Turanci. Har yau nakan koma in duba gas sau biyu kafin in fita, nakan kuma tashi da damuwar abin da bai faru ba. A duk rayuwata ban ƙara samun kwanciyar hankali irin ta yammacin nan biyu ba, ni da Inna, muna jiran nama ya bushe.