Baba Maccido da Duwatsun Siton Auduga

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata sha biyu ga Agusta, bayan azahar, Baba Maccido Atu ya rasu a gidansa da ke Tambuwal. Magini ne, kuma shi ne mai kula da tsohon siton auduga na bakin hanyar Kebbe. Ya tafi saura kwana tara a zauna kan takardar masu son rushe siton su jera shaguna.

Baba, ni ne Gazalin nan da ya taɓa tsayawa gabanka yana cewa siton nan kangon Turawa ne, a baje shi kowa ya huta. Lokacin na karanta 'yan littattafai biyu zuwa uku, kaina ya yi zafi. Ba ka yi fushi ba. Hannuna ka kama, ka kai ni bangon gabas, ka ɗora yatsana a kan wani dutse mai zane uku da gicciye.

"Wagga ita ta shaidar da kakanka ka yi ma jakkainai," ka ce. "Bature takarda yaz zana bayan yaƙin duniya. Dutsi kau mutanenmu sunka sassaƙa, kowa shi sa shaidar gidansu. To bismilla, in rushewa za a yi, fara da na kakanka."

Bakina bai mutu ba tun daga ranar, amma ya sake alƙibla.

Shekara talatin kana hawa rufin nan kana liƙe kwano da hannunka, ba wanda ya sa ka. Da damina ka buɗe wa mata su shanya kuɓewa da tattasai. Ka ba ajin manya kusurwa guda. Kan tsohon sikelin auna auduga ka jera littattafan da malamai suka yar, nan na samu abin da makaranta ba ta ba ni ba.

Masu takardar sun zo gaisuwa. Sun fi kowa tsawaita fatiha, idonsu na auna fili. Na haɗiye maganata saboda kai, da ƙyar.

Ranar addu'ar uku ruwa ya goce, ya kora mutanen Kebbe da Fakku da Dogon Daji cikin siton. Ko ɗigo bai taɓa kowa ba. Wani tsoho daga Fakku ya jingina da bango, ya juya, ya ga shaidar mahaifinsa a jikin wani dutse. Kafin ruwa ya ɗauke, dattawa sun bazu suna laluben duwatsu, kowa na kiran ɗan'uwansa ya zo ya gani.

Dukkansu sun ce za su dawo ran Alhamis ɗin zaman. Ni suka ce in yi magana. Zan yi ta a hankali kamar yadda ka koya mini, gwargwadon iyawata.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yafe kurakuranka, Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mana kai daga ruwa. Inna Batula, Zahara'u, Saifullahi da sauran iyali, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Amin.