Mutumin da Ya Wanke Gidan Tsuntsaye

Tun ina yaro, kullum a kan tsani nake ganin Wilf Catchpole. Gidansa na jikin namu, a layin da ke fuskantar tashar jiragen ruwa, kuma sana'arsa ɗaya ce: korar tsuntsayen teku daga gidajen mutane. Ya kafa raga, ya dasa tsinkayen ƙarfe a bakin taga, ya wanke kashi da dogon burushi. Manyan abokan gabarsa su ne kitiwek, fararen nan masu ihu, da ke zuwa da zarar sanyi ya ja baya su liƙa sheƙa a jikin bango.

Yawancin masu gidajen layinmu sun gaji sun bar musu. Shi ya sa kowa ƙazami ne a wurin Wilf. Babu abin da yake taƙama da shi kamar bangon gidansa.

"Dube shi da kyau, yaro," yakan ce mini. "Tun da na tare a gidan nan tsuntsu bai taɓa ɗora ko tsinke a kansa ba. Dubi naku kuma. Kamar an watsa madara."

Sai wani kamfani ya zo da shirin kafa manyan fankoki a cikin teku, waɗanda iska ke juyawa su ba da lantarki. Aka yi shekaru ana binciken illar aikin ga kifi da tsuntsu da ƙasan ruwa, binciken ya ce fankokin za su riƙa sare kitiwek. Hukuma ta ba da izini, amma da sharaɗi: a gina wa tsuntsayen wurin ƙyanƙyasa, a mayar musu da abin da za su rasa. Aka gina hasumiya a ƙarshen tasha, jikinta duk kantoci, har da tsuntsayen roba da lasifika mai kukan kitiwek.

Wilf ya samu abin ba'a a mashaya. "Otal! Saura a sa musu labule da talabijin. Tsuntsun da ke cin kayan bola, shi aka gina wa bene."

Amma gwiwarsa ta fara ƙin tsani, sai ga shi ya nemi aikin kula da hasumiyar, ya kuma samu.

"Tsoho, ba kai ka ce otal ɗin mahaukata ba ne?" in ji matarsa Noreen.

"To mahaukatan ba sa buƙatar mai hankali ko ɗaya a kusa?"

Mutanen kamfanin suka ji daɗin labarin tsohon mai korar tsuntsu da ya tuba. Suka ce za a ɗauki hotonsa a ƙofar gidansa a sa a jarida, sai dai raga da tsinkaye ba za su yi kyau a bayan abokin tsuntsaye ba. Wilf ya cire su da hannunsa. Ya ce wa Noreen zai mayar bayan hoto. Hoton ya fito, Wilf ya yi ta yawo da shi yana nuna wa mutane, raga tana jibge a bayan gida.

Masaniyar tsuntsayen kamfanin, Dakta Haldane, ta zagaya da shi hasumiyar tana masa bayani. Da ya dawo na tambaye shi me ta ce.

"Surutun 'yan boko. Yarinyar da ba ta taɓa riƙe burushi ba ce za ta koya mini tsuntsu? Kai kawai na yi ta gyaɗa mata."

Ana gab da zuwan tsuntsayen aka ce jami'an hukuma za su zo duba ko an cika sharaɗi. Wilf ya ɗaga kai ya ga fari-fari ya zubo a ƙarƙashin kowace kanta, ga tsofaffin sheƙoƙi a kai. Ransa ya ɓaci. Baƙi za su zo su ga wannan ƙazanta a wurin da yake kula da shi? Ya manta da gwiwa. Ya share sheƙoƙin ya zuba a bola, ya kama wanki. Ya gaya mini bai taɓa ganin kashi mai taurin kai irin wannan ba, sai da ya sa wuƙar kankara.

Ina kan hanyar sayen soyayyen kifi da dankali na ga Dakta Haldane tsaye gaban hasumiyar, hannu a ka, ita kuwa hasumiyar sai ƙyalli take.

"Baba Catchpole, ina fentin?"

"Wane fenti, 'yata?"

"Kashin! Mai zane muka ɗauko ya yi shi, sheƙoƙin ma da hannu aka saƙa su. Tsuntsun nan ba ya yarda da wurin da bai ga alamar 'yan'uwansa ba. Ai na gaya maka!"

Wilf ya dube ta sama da ƙasa. "Mutum kuka ɗauko ya zana kashi? A garin nan da ake samunsa kyauta?"

Kafin a sake nemo mai zanen, kitiwek sun iso. Suka kewaya hasumiyar, suka dubi 'yan'uwansu na roba zaune a wuri tas, suka wuce layinmu inda suka saba. A layin kuwa bango ɗaya ne ya rage babu kowa, ga shi babu raga. Kafin Wilf ya jingina tsani, sheƙa ta zauna a kowace taga, kuma doka ta hana taɓa sheƙar da aka fara.

Kamfanin ya sallame shi. Yanzu ma'aikatan Dakta Haldane kan tsaya a tsallaken titi da madubin hangen nesa, suna ƙirga sheƙoƙin gidansa don rahotonsu. Noreen kan miƙa musu shayi, don ta ƙular da shi.

Ranar Lahadi na gan shi ya fito da lema, rana tana haske, yana takawa a hankali don kada ya zame a ƙofar gidansa. Na gaishe shi, na yi ƙoƙarin kada in dubi bangon.

"Dubi abinka, yaro, kowa ma yana duba," ya ce. Wani abu fari ya faɗo kan lemar. Ya ɗaga kai ya harari tagarsa. "Wannan dai na gaske ne. Je ka kira wa Dakta Haldane mai zanen, ya zo ya koyi aiki."