Ɓarayin waya sun bar ƙofarsu a buɗe

Jama'a, yau na ga mace ta leƙa ɗakin ɓarayi tana zaune a kan benci!

Kun tuna link ɗin tallafin takin citta da aka turo nan group ɗinmu? Na danna. Ashe tarko ne na satar saƙonni! Kowa ya ce sai an goge komai a wayar. To, muryar marigayiya matata tana ciki, ita kaɗai ta rage mini.

Na kai wa Madam Rifkatu mai gyaran waya a kasuwar Kafanchan. Ta duba link ɗin a kwamfuta, sai dariya.

"Baba Yohanna, sakarkarun nan ba su sa wa shafinsu lambar sirri ba! Ga jerin duk wayoyin da suka kama."

Ta bi ɗaya bayan ɗaya. Lambar Fastonmu tana ciki. Ta Alhaji mai sayen citta ma! Nan take ta kira su.

Na ce, "Tawa fa?"

Ta duba sau biyu. "Babu. Wayarka ta tsufa, abin ya kasa shiga."

Kai, matar nan ta san aikinta!

Ina fita na kunna muryar. Tana nan, tana mini faɗa na manta gishiri.