Tanderu Ukun da Yaya Rakiya Ta Rubuta Babu

Yau shekara bakwai cif da rasuwar yayata, Malama Rakiya, kuma har gobe ban daina jin kunyarta ba. Wasu kan tuna mamacinsu su yi kuka su huta. Ni in na tuna ta gabana ne ke faɗuwa, don akwai abin da na yi mata wanda ban samu na nemi gafararsa ba.

Mu 'yan Jakara ne, gidan gurasa tun kakanni. A tsakar gidanmu akwai tanderu uku, da su Umma ta ciyar da mu har ta aurar da mu. Yaya Rakiya ce kaɗai ta yi boko mai zurfi, tana koyar da kimiyya a wata sakandare. Ni a aji uku na tsaya na kama kwaɓin fulawa. Sai dai baki, wannan kam Allah ya ba ni, duk unguwa an shaida.

A shekararta ta ƙarshe aka saka ta cikin masu auna hayaƙin ƙaramar hukumarmu. Yadda ta yi mana bayani, duk abin da aka ƙona, itace ne ko fetur ko shara, yana sakin wata iska da ke taruwa a sama tana ƙara wa duniya zafi. Ana so a san ina ne ya fi fitar da ita, injinan kasuwa ne, ko a daidaita sahu, ko gidajen burodi, don a san inda za a fara gyara. Mazan cikinsu sun zagaya sun tsaya a zaure, masu gida sun ce musu ba komai a ciki sai girki. Ita ce ta miƙe a taronsu ta ce ba haka ba ne, hayaƙin Jakara yana cikin gida, inda namiji ba ya shiga. Aka haɗa ta da mata biyu da sikeli, su bi gida gida su ƙirga tanderu, su auna itacen da kowanne ke ci a yini.

To, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mu dai ba mu yarda hukuma za ta ƙirga abu ta bar shi yadda ta same shi ba. Ni na fara cewa rufe mu za a yi. Ni na bi gidaje, wallahi da ƙafata, ina ce wa mata ranar Talata da za su zo kowa ta gama gashi da sassafe, ta kwashe garwashi, ta kife kwano a bakin tanderu ta jibga tarkace a kai. Har cewa na yi Yaya ta sha boko ta manta da wutar da ta kai ta makaranta. Maganar ta koma kunnenta.

Gidanmu suka fara shiga. Tana da ciki wata biyar a lokacin. Mun share tsakar gida fes, ko ɓurɓushin fulawa babu, Umma na zaune a tabarma. Ɗaya daga cikin abokan aikin Yaya ta gaishe ta, ta tambaya ko ana gasa gurasa a gidan nan. Umma ta sunkuyar da kai ta ce, "Mun daina tuntuni, 'yata. Tsufa ya zo."

Yaya ta taka a hankali zuwa tanderun tsakiya, ta ɗora tafin hannunta a jikinsa. Na san da zafi, don ko awa uku ba a yi da kwashe wuta ba. Ta daɗe ba ta ɗauke hannun ba. Ta dube ni, ni kuma na tsare ta da ido, ina jira ta buɗe baki in wanke ta tas a gaban baƙi.

Wanda bai san mu ba zai ce me ya hana ta magana. Yaya 'yar fari ce. Umma ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta haɗa ido da ita, in da saƙo ni ake ba in kai. Irin wannan 'ya ce za ta ƙaryata uwarta a gaban mutane? Tsoro na daji, kunya na gida. Na san haka sarai, kuma da gangan na shirya cewa Umma ce za ta amsa, ba ni ba. Yaya ta janye hannunta, ta rubuta babu. Da aka ji gidan su malamar ma sun ce babu, duk layin ya ce babu.

Sau uku tana aikowa a kira ni, ina ƙin zuwa. Daga baya mijinta ya gaya mini ta nemi a gyara abin da ta rubuta, aka ce ba a karɓar abin da ba a auna ba, sai dai in ta koma da sikeli ta auna. Ta ce in ta sauka lafiya za ta koma. Ba ta sauka lafiya ba. Allah ya jiƙanta, ita da abin da ke cikinta.

Da sakamako ya fito, layinmu ya fito fes a takarda. Tanderun zamani masu bututun hayaƙi, waɗanda ba sa cin itace sosai, aka kai wa gidajen burodi na bakin titi. Ba a rufe kowa ba. Da na sani ƙeya ce. Mu muna nan cikin hayaƙinmu, itace ya yi tsadar da wasu har leda da tsoffin silifas suke cusawa. Idon Umma ya yi ja yana ruwa, tari ba ya barin ta ta ida sura a sallah. Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce in ta leƙo ta ga haka. Ba za ta ce ai na faɗa ba, ba halinta ba ne. Tambaya za ta yi yaushe za a sake aunawa.

To ga shi an aiko za a zo a sake aunawa mako mai zuwa, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Tuni mata suka fara sallama a gidanmu suna cewa, "Ya za a yi, irin na wancan karon?" Ba ni da tabbacin cewa wannan karon ba za a rufe mu ba. Wa zai ba ni? In abin ya juye, ni za a nuna da yatsa daga nan har kasuwar Kurmi, kuma duk bakin da na taɓa yi wa mutane sai an rama. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba.

Yaya ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gida ba. Takardar aikinta ma ƙarya ce a ciki da sa hannunta, kuma ni na ja mata. Abin da ya rage nata a duniya shi ne gaskiyar nan da ta haɗiye don kare mutuncin uwarta, kuma a hannunmu take. Jiya na durƙusa gaban Umma na ce ranar zan hura wuta, duka ukun, in bar su suna ci har a shigo. Ta yi tari mai tsawo, ta goge ido da gefen zani.

Ta ce, "Ki hura. Amma in sun zo kar ki sa baki. Ni na faɗi waccan magana a gaban yayarki, ni zan janye ta da bakina."